Ɗigon Da Na Sa Kika Goge

Magama, Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin sami ɗaki, kin ci wani abu mai ɗumi. Allah Ya sa ƙafar da kika shiga da ita ta alheri ce, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya haɗa ki da abokan zama nagari. Innarki da ƙannenki duk suna nan lafiya kamar yadda kika bar su. Na tura takardar ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da Innarki ta yi miki, don na san shi za ki fara lalubowa kafin littafi.

Kin san ni ba ma'abocin rubutu ba ne. Rabona da cika shafi tun ina aji biyu na sakandare, lokacin da na ajiye biro na ɗauki mazurari da tiyo, saboda haka ki yi haƙuri da hannuna. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanki ba, kuma ina jin shi ya sa abin da zan faɗa ya yi mini nauyi ido da ido. Sau uku cikin makon nan ina leƙowa kina haɗa kaya, in tsaya a bakin ƙofa, in tambaye ki ko kin ɗauki bokiti, in juya. Ba bokiti ya kawo ni ba.

Shekaranjiya Innarki ta gaya mini abin da kika ƙudurta. Ta ce jami'a ta ba ki gurbin karatun lissafi, amma kin ce da kin isa za ki nemi a canza miki zuwa wani fanni, kowanne ne, in dai babu lamba a ciki. Da ta tambaye ki dalili, kika ce lissafinki ya riga ya cinye gona ɗaya, ba ki son ya ci ta biyu. Uwata, wannan magana ba taki ba ce. Tawa ce, ni na faɗe ta a zaure shekara biyu da suka wuce, kika ɗauka kika adana. Kafin ki nemi ofishin da ake canza fanni, ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe. Bayan nan duk abin da kika yanke, ba zan ja da ke ba.

Zan faro daga farko, ko da yake a gabanki aka yi komai, don akwai wurin da abin da kika gani ba shi ne abin da ya faru ba.

Kina aji biyu na babbar sakandare, damina ta fara, Malam Tukur mai koya muku lissafi ya ba ku aikin gida na mako goma sha biyu. Ya ce kowa ya zaɓi abu biyu da yake zaton suna tafiya tare, ya riƙa rubuta su duk mako, ya zuba su a takardar nan mai gida-gida da kuke kira giraf. Ke sai kika zo rumfata da littafi a ƙirji, kika ce kin zaɓi farashin litar fetur a nan Magama da kuma ƙarfin sefa, kuɗin Nijar, wato naira nawa ake bayarwa a karɓi sefa dubu. Kika nuna mini yadda abin yake: sefa a kwance, fetur a tsaye, inda suka haɗu sai ki ɗiga ɗigo da fensir. In ɗigon suka hau tare, akwai dangantaka, har da wata kalmar Turanci da kika faɗa wadda har yau harshena bai iya murɗa ta ba. Na leƙa takardar na ce, ashe kuɗin makarantar da nake biya na koyon kashin ƙuda ne. Direbobin da ke zaune a bencina suka kwashe da dariya, ke kuwa kika rufe littafin.

Ranar kasuwa ta farko kika je wurin Alhaji Isuhu mai canji, mutumin Maraɗin nan da ke zama gindin bishiyar bedi da jakarsa a cinya. Kika tambaye shi yadda sefa take, ya ce miki ɗari biyu naira kaza. Kika koma gefe kika ninka sau biyar don ki sami na dubu, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Abin da ba ki sani ba shi ne mutanen Nijar da dala suke ƙirga kuɗinsu, kuma kowace dala sefa biyar ce. In ɗan Maraɗi ya ce ɗari biyu, dubun ke nan ya faɗa miki. Ta ina za ki sani? Ni ne na hana ku kusantar hada-hadar boda, ko sefa ba ki taɓa riƙewa ba. Kika dawo da lambar da ta ƙi shiga takarda, har sai da kika manna wata takardar a gefe don ɗigon ya sami wurin zama.

Kallo ɗaya na yi na gane abin da ya faru. Amma maimakon in ja ki bayan rumfa in gaya miki a kunne, sai na ɗaga takardar sama, na ƙwala wa Alhaji Isuhu kira ya zo ya ga yadda ɗiyata ta mai da jakarsa baitulmali. Aka yi ta dariya har da masu tafa hannu. Shi ne ma, bare, ya ji tausayinki. Ya zaro takardar sefa dubu ya miƙa miki, ya ce, "Ɗiyata, riƙe ki gani. Wagga a bakinmu ɗari biyu ta. Ba laihinki ba na, ba a hwaɗa miki ba." Ina ganin idonki ya cika, amma kika tsaya kika gyara lambar a wurin, a gaban kowa. Ni na ji daɗin an yi nishaɗi a rumfata, shi ke nan abin da na ji a ranar.

To ga abin da zan ce miki a kan wannan. Inda kika je, mutane ne daga kowace kusurwa, kuma kowa da tasa dalar. Kafin ki rubuta lambar da wani ya faɗa miki, ki tambaye shi da me yake awo. Ko za a yi miki dariya, ki tambaya, don dariyar ba ta wuce yini ɗaya. In kuma ke ce kika sani wani bai sani ba, ki ja shi gefe ki gaya masa a hankali. Kada ki yi irin tawa, ki sayi dariyar mutane da hawayen wanda ya zo wurinki neman sani.

Daga nan abin ya miƙe. Duk ranar kasuwa ki biya wurin Alhaji Isuhu, ki zo wurina in faɗa miki yadda muka sayar da lita, ki ɗiga. Ina nuna kamar ban damu ba, amma da wutsiyar ido nake kallo. Ɗigon nan suka fara hawa daga ƙasan hagu zuwa saman dama, ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki sun kama hanyar gida. Sefa ta yi ƙarfi, fetur ya ɗaga. Shekara ashirin ina wannan sana'a, na san haka a jikina, amma ban taɓa ganinsa a zane ba. A raina na ce yarinyar nan akwai kai, a baki kuwa ban ce miki komai ba.

Sai mako na takwas. Aka yi ruwa kwana uku a jere, gulbi ya kawo ya shanye hanyoyin daji. A nan ne zan gaya miki abin da ban taɓa faɗa a cikin gidana ba. Na sha ce muku matafiya da direbobi nake sayar wa mai. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Mafi yawan abin da muka ci a gidan nan daga 'yan babur ya fito, masu ɗaura jarkoki su bi ta bayan gari su tsallaka Nijar. In sefa ta yi ƙarfi, man namu ya yi musu araha, sai su yi ta tururuwa, mu kuma mu ɗaga farashi. Ba sefa ke ɗaga fetur da hannunta ba, zuwan mutanen nan ne. A makon da gulbi ya tare su, sefa tana sama, amma jarkokinmu na jere a rana ba mai tayawa, har muka karya farashi don a samu na cefane.

Kika zo da yamma, bayan la'asar, rumfar ba kowa. Kin zagaye wani ɗigo da fensir, can a gefen dama, ƙasa, shi kaɗai.

Kika ce, "Baba, wannan ya ƙi bin 'yan'uwanshi. Malam ya ce in an ga irinshi kada a yar, a tambayi abin da ya faru a makon. Mi ya faru?"

Na san amsar kamar yadda na san sunana. Amma kafin in buɗe baki, sai na hango inda za ta je. Za ki rubuta ta a ƙasan takarda, takarda ta je hannun Malam Tukur, ta kwana a ɗakin malamai, ga sunana a sama a jikin naki. Duk Jibiya an san yadda ake samun na tuwo, amma ba wanda ke rubutawa. Na ji tsoro, kuma fiye da tsoron, na ji kunyarki. Sai na nemi abin da na san yana yi miki ciwo na danna. Na ce miki dala ce ta sake ruɗa ki.

Kika dubi takardar, sannan kika ce, "Baba, in dala ce ai da ya fita daga takardar, kamar na farko. Wannan yana ciki."

Gaskiyarki ce, kuma na san gaskiyarki ce. Sai na ɗaga murya. Na ce ni ke zaune a kasuwar nan ko ke? Na ce ranar farko ma haka kika tsaya kina gardama har aka yi mana dariya, alhali ba ki yi gardamar komai ba. Kika sunkuyar da kai, kika zaro kilina daga aljihun jaka, kika goge. Na faɗa miki wata lamba daga kaina, kika ɗiga sabon ɗigo a tsakiyar 'yan'uwansa. Kika hure garin kilinar daga kan takardar, kika ce na gode Baba, kika tafi gida. Wannan godiyar ta fi komai damuna har yau.

Uwata, in ba za ki riƙe komai daga takardar nan ba, ki riƙe wannan. Kada ki ƙara goge abin da kika auna da hannunki saboda wani ya fi ki murya. Ko malaminki ne, ko shugaban wurin aikinki, ko mijin da Allah zai ba ki, ko ni. Ban ce ki yi rashin kunya ba, ba haka muka raine ki ba. Ki rusuna, ki yi shiru in shirun ya fi, ki koma ki sake aunawa sau biyu. In kika tarar yana nan inda yake, ki bar shi a wurin. Kuma ki lura da duk wanda zai tuna miki tsohon kuskurenki a daidai lokacin da kika yi masa tambaya mai wuya. Ni na yi, na san abin da ke sa mutum yin haka.

Da mako goma sha biyu suka cika, kika ɗora rula kika ja layi ta tsakiyar ɗigon, ya fito sambal, kowane ɗigo na manne da shi. Kika fi kowa maki a ajinku. Malam Tukur ya yi rubutu da jan biro a ƙasa, kika karanta mini kina fassarawa. Ya yaba, sannan ya ce a tuna, don abu biyu sun tafi tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya ja ɗayan ba. Yabon na ji, sauran ya shiga ta nan ya fita ta can. Na karɓi takardar na kafa ta da ƙusa a jikin katakon rumfa. Ni da na kira ta kashin ƙuda, sai ga ni ina tare mutane ina nuna musu, ina cewa ɗiyata ta kamo sirrin fetur.

Abin da har yau nake mamakinsa shi ne yadda na manta. Ni na ƙirƙiri ɗigo na takwas, ni na faɗi lambar daga kaina. Amma kullum in na zauna ina kallon layin nan miƙaƙƙe, sai na fara yarda da shi. Wata biyu, wata uku, sefa na hawa, fetur na biye da ita, kowa na cewa naira ba za ta farfaɗo nan kusa ba. Wata rana na ɗauki gawayi, na ɗora tsinken tsintsiya a kan layinki, na ci gaba da jansa. Ya fita daga takarda ya hau katako, ya yi sama har kusa da kwanon rufi. Na tsaya ina kallon inda ya kai, ina lissafin abin da mutum zai samu in ya tara mai yanzu ya jira.

Kika kawo mini abincin rana kika gani. Kika ajiye kwanon, kika ce, "Baba, layin nan iyakarshi iyakar takarda. Bayan nan bai san komi ba." Na yi dariya na ce ai ke kika ja shi, yanzu kuma za ki ƙaryata kanki? Kika juya kika tafi gida. Ina jin kin riga kin koyi abin da ke biyo baya in kika yi mini gardama.

Bayan an cire amfanin gona na sa gonarmu ta Daddara a kasuwa. Kin san ta, ba sai na kwatanta miki ba. Gadona ce daga Baba, nan kuke zuwa hutu ku ci ɗanyar gyaɗa har cikinku ya yi ciwo, nan Innarki ke shuka kuɓewa da yakuwa a bakin kunya. Ƙanena, Baffanki Sale, ya zo har sau biyu yana roƙona in bari, na ce masa hassada ce. Innarki ba ta yi dogon zance ba. Tana tankaɗe ta ce mini, "Malam, in makon nan da gulbi ya kawo ya dawo fa?" Ita ba ta san giraf ba, ko baƙi ba ta karantawa da boko, amma ta tuna makon da aka ci tuwo da miyar kuka babu mai kwana shida. Ɗigon da na sa kika goge a takarda yana nan a tukunyarta. Na ce mata mata ba su san kasuwa ba.

Ki riƙa sauraren irin su Innarki. Za ki yi karatu, za ki riƙe takardu masu hatimi, kuma zuciya za ta riƙa raya miki cewa wanda bai iya rula ba bai san komai ba. Ni ko takardar ban da ita, aron taki na yi, amma dubi yadda ta kumbura mini kai. In kika ja layi, ki kai shi wurin wanda abin ya shafa, mai dafawa ko mai ɗauka a ka, ki tambaye shi ko akwai makon da ya tuna wanda layin bai nuna ba. Kuma in takarda ta ƙare, ki ajiye rula, ki ce daga nan ban sani ba.

Sauran kin gani da idonki. Na sayo duro-duro na cika ɗakin baya. Aka daina hura wuta a gidan, Innarki ta riƙa ɗaukar tukunya zuwa maƙwabta tana girki a murhun wasu kamar baƙuwa. Warin fetur ya kama tabarmi, ya kama tuwo, ya kama kayan makarantarki. Na kwantar da ku kusa da abin da tartsatsi ɗaya zai iya tashinmu gaba ɗaya, ina ce muku ku yi haƙuri kwana kaɗan ne. Sai aka rufe boda, aka tsaurara tsaro har a hanyoyin daji. 'Yan babur suka ɗauke ƙafa. Sefa ta ci gaba da hawa abinta a jakar Alhaji Isuhu, fetur kuwa a Magama ya ƙi bin ta. Makon gulbi ne ya dawo, sai dai wannan karon ba ruwan da zai janye bayan kwana uku. Na yi ta jira, zafi na shan man a cikin duro, har na gaji na sayar da shi yadda aka taya. Gona ta tafi, abin da ya rage bai isa a sayi ko gefenta ba.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuya. Ranar da Baffa Sale ya zo da dattawan unguwa su yi mini jaje, muna zaune a zaure, kika shigo da kwanon fura. Baffanki ya tambaye ni, ba da faɗa ba, me ya shiga kaina haka. Idon kowa na kaina. Da na ce haɗama ce, da an ce Allah Ya kiyaye gaba, an sha fura an watse. Sai na ɗaga hannu na nuna ki, na ce, "Ku tambayi 'yar boko. Lissafinta ne ya cinye gonar."

Kika durƙusa kika ajiye kwanon a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, kika jera ludaya, kika fita. Ina kallon bayanki na san na yi abin da ba zai gyaru da sauƙi ba. Tun daga ranar ba ki fasa gaishe ni ba, ba ki fasa kawo mini ruwan alwala ba, amma ba ki ƙara zuwa kusa da ni da littafi ba. In na shigo kina aiki sai ki rufe ki tura ƙarƙashin matashi. Na gani, kullum ina gani. Sau nawa nake cewa gobe zan kira ki in gaya miki, goben ta zo in ce bari a gama jarrabawa, bari a sha ruwa, bari a yi Sallah. Shekara biyu ke nan. Na bar yarinya 'yar shekara goma sha shida ta ɗauki gona sukutum a kanta, ni ina yawo hannu sake. Ina jin kunyar wannan fiye da asarar gonar, kuma ina nadama.

Ki ji da kyau. Lissafinki bai yi ƙarya ba. Lissafinki ne ma ya hango abin da zai faru tun kafin kowa, ya zagaye shi da fensir ya kawo mini har rumfa. Sau biyu kina gargaɗina, sau biyu ina rufe miki baki. Ba dala ce ta ruɗa ki ba a mako na takwas, lambarki daidai take. Ni na ɓata aikin, ni na ja layin ya hau katako, ni na sayar da gona. Ki yafe mini, Uwata. Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa gafara ba, ban ma san yadda ake yi ba, amma ga shi na rubuta.

Abin da aka faɗa a zaure ba a gyara shi a ɓoye, shi ya sa jiya da safe na je gidan Baffa Sale na gaya masa komai. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko in maimaita a gaban waɗanda suka ji ta farko. Na ce to, kuma zan yi. Daga can na wuce wurin Malam Tukur. Ya ce tun a lokacin ya lura da wurin da aka goge, ya ɗauka gyaran ɗalibi ne. Ya ce kafin shekarar ke ce mai tsayar da shi da tambaya har a tashi, daga baya kika koma bencin baya, sai dai ya ga amsa daidai a takardar jarrabawa. Ya ce shi ya matsa miki ki cike lissafi a fom, kika cike don kunyarsa. Innarki kuma zan zaunar da ita da zarar motarku ta tashi. Ina jin ta riga ta san rabi, ita ba a ɓoye mata abu ya ɓoyu.

Ga darasin da ke ciki, in darasi ne. Kada ki karɓi laifi don kawai babba ne ya miƙo miki. Ki duba shi yadda kika duba ɗigon nan, ki ga ko naki ne. In naki ne, ki amsa da wuri, tun a ranar, don ni na gwada jinkiri na ga kullum ƙara nauyi yake. In ba naki ba ne, ki ajiye shi, ko da mai shi bai zo ya ɗauka ba.

Game da canjin fanni, ba umarni nake ba ki ba, na yi umarnin da ya ishe ni a kan karatunki. In kin duba zuciyarki kin tarar lissafi ya fita daga ranki don kansa, ki canza, albarkata na tare da ke duk inda kika nufa. Amma in maganata ta zaure ce ke tura ki, to na janye ta, ba ta da tushe. Abu ɗaya nake roƙo. Ki shiga aji mako biyu tukuna, ki zauna a bencin gaba, ki ɗaga hannu ko sau ɗaya ne. Bayan nan ki yanke.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su. Ki tsare sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba daɗi, kada ki hau babur ɗin da ya ɗauro jarka. Ki riƙa kiran Innarki, don tun yanzu ta fara shiga ɗakinku tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

A cikin takardar nan za ki ga wata a ninke, ta yi ja don tsufa, da hujin ƙusa a sama da tabon mai a gefe. Ita ce. Ranar da na rushe katakon rumfa bayan asarar nan na cire ta na sa a cikin akwatina, ban iya yar da ita ba. Shekaranjiya na ɗaga ta a rana, sai ga gurbin da kika goge ya fito, har da da'irar da kika zagaye shi da ita. Na soke ɗigon ƙarya, na mai da na gaskiya wurinsa. Da biro na yi, don kada wani ya sake sa a goge. A gefensa na rubuta amsar tambayar da kika yi mini bayan la'asar ɗin nan: gulbi ya kawo, 'yan babur ba su zo ba.

Layin kuwa ban taɓa shi ba. Na san yanzu ba nan ya kamata ya bi ba, amma ban san inda zai bi ba, wannan aikinki ne. Na sa miki sabuwar rula a aljihun jaka na gefe. In kin ja shi, ki zo da shi hutu ki nuna mini, zan zauna in saurara har ki gama.

Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya buɗa miki ƙirji, Ya kare ki daga abin da muke gani da wanda ba mu gani, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mai sunanki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Isiyaku